Lambobin da Na Goge a Littafin Kumfa

Duk shekara sai an turo mini irinku, masu sabuwar takarda da farar riga mai karin guga, kuma duk shekara maganar ɗaya ce. Da kun leƙo ɗakin gwajin nan kun ga kwalabe a kife a kan kanta, sai ku kalli juna ku ce ai aikin Baba Garba wanke-wanke ne. Jiya ma na ji ɗayanku, wancan dogon da ke ɓoye dariya, yana cewa ƙirga kumfa shi ko idonsa a rufe zai iya. Maganar ta kwana da ni. Don haka yau babu wanda zai taɓa mini kwalba sai ya zauna ya ji yadda aikin yake.

Da tsintsiya na shigo makarantar nan. Daga Nasarawa Burkullu na zo, da ilimin firamare wanda bai cika ba, aka ba ni sharar azuzuwa. Malamin kimiyya a lokacin wani Kirista ne daga Filato, Mista Bitrus, siriri mai tabarau, wanda ba ya dariya sai lissafi ya fita daidai. Wata rana ya same ni ina ƙirga tagogin da suka fashe da baki, sai ya ce in sake. Na sake, lambar ba ta canza ba. Ya ce daga gobe in ajiye tsintsiya, yana neman mai ido da haƙuri. Na yi murna, na ɗauka na huta. Ashe shara ce hutun.

Aikin farko da ya ɗora ni a kai yankan ciyawa ne. Akwai wata ciyawa mai siraran ganye da ke rayuwa a ƙarƙashin ruwa, a tafki ko a gefen gulbi. Idan haske ya same ta tana fitar da iskar oksijin, wannan da muke shaƙa, kuma iskar tana fitowa ta bakin karan da aka yanke, ƙwaya-ƙwaya, ta hau sama. Ita ce kumfar da muke ƙirgawa. Amma yankan sai an iya. Da sabuwar reza ake yi, a karkace, kuma hannunka yana cikin ruwa, don idan iskar waje ta shiga karan ta toshe shi ka yi asarar yini. Sai ka juya reshen, yankakken bakin ya kalli sama, ka zura shi a bututun gilashi, ka barbaɗa ɗan garin soda abin da bai wuce bakin farce ba. Wata uku na yi ina yanka Mista Bitrus yana zubarwa, ba ya ko ce mini sannu.

Kun ga wancan ƙarfen da ke lungu, wanda kuka rataye wa jakunkunanku? Ƙafar keken ɗinki ce. Mista Bitrus ya samo ta wurin wani tela a Gummi, ya cire kan, ya ɗaura faifan kwano a madadinsa, ya sa maƙeri ya fafe faifan gida biyu. Bayan faifan akwai ƙwan fitilar mota da batiri, gabansa akwai kwalbar ruwa mai tare zafi, sannan bututun ciyawa. Idan ka taka, faifan ya juya, haske ya wuce ta kafa, ya ɗauke, ya sake wucewa. Mu walƙiya muke ce mata. Ana toshe tagogi da barguna, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ɗakin ya yi baƙi ƙirin da tsakar rana. Kai kuma ƙafarka tana taka keke da sauri ɗaya, idonka yana kan bakin kara, hannunka yana kan agogo, bakinka yana ƙirga. Idan ƙafa ta gaji ta rage sauri, lissafin ya lalace. Idan ka ƙifta ido a inda bai dace ba, kumfa biyu sun wuce ka. To dogo, a nan ne za ka rufe idon.

Mutanen gari ba su son ɗakin nan a wancan lokacin. Mata masu zuwa ɗiban ruwa a famfon makaranta suna ganin haske yana leƙowa ta tsagar ƙofa yana ɓacewa, suna jin ƙaf, ƙaf, ƙaf, da muryar mutum yana ƙirga shi kaɗai a cikin duhu. Aka ce malamin nan ya ajiye wani abu a kwalba yana ba shi abinci da wuta. Innata har rubutu ta aiko mini in sha. Na sha kuwa, domin ni ma a farko idan na daɗe a ciki sai in ji kamar akwai mai ƙirgawa tare da ni.

Ranar da na gaya wa Mista Bitrus haka, na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Ai akwai. Ganyen ne yake ƙirgawa." Ya aike ni kicin na kawo kwanuka huɗu da tsakuwa ɗari. Ya rubuta wa kwanukan lamba da alli: sifili, ɗaya, biyu, uku. Ya zuba tsakuwa saba'in da biyar a kwano mai lamba ɗaya, ashirin da biyar a sifili. Ya ce a cikin ganye akwai ƙananan wuraren aiki da ba su ƙirguwa, kowace tsakuwa tana tsaye a madadin ɗaya daga cikinsu, kuma haka suke zama idan ganye ya huta a duhu. Duk walƙiya ɗaya, kowace tsakuwa ta matsa kwano ɗaya gaba. Wadda ta tashi daga kwano na uku ita ce ta saki iska, sai ta koma sifili ta sake farawa.

Muka yi ta matsarwa kamar masu dara. Walƙiya ta farko babu iska, ta biyu babu, ta uku sai ga tsakuwa tuli guda sun fito. Daga nan sai ta bakwai, sai ta goma sha ɗaya, huɗu-huɗu. Ya ce a ƙasashen da ke da na'ura mai kaifi an auna, kuma haka ganye yake yi. Sannan ya ƙara doka guda: a kowace walƙiya, tsakuwa ɗaya cikin goma ta kuskure, ta zauna inda take. Da wannan dokar, ta bakwai ba ta kai ta uku ba, ta sha ɗaya ba ta kai ta bakwai ba, har tsakuwan suka bazu a kwanuka, kowace walƙiya ta riƙa ba da ashirin da biyu ko da uku babu hawa babu sauka. Ya ce bututunmu ba zai nuna mana huɗu-huɗun ba, bai kai wannan kaifin ba, wannan lamba ta ƙarshe kaɗai muke gani a matsayin kumfa.  Ran nan na fita na tsaya ina kallon bishiyar dogon yaro da ke ƙofar ofis, ina tunanin duk ganyen da ke kanta lissafi yake yi a ɓoye.

Akwai littafi mai baƙin bango, littafin kumfa. Kowane gwaji a ciki yake: ranar, inda ciyawar ta fito, saurin faifai, kumfa nawa a minti, sau uku, sannan matsakaici. Dokar littafin ɗaya ce, da biro ake rubutu. Fensir da kilina ba su shiga ɗakin nan. Na taɓa samun lambar da ta bambanta da sauran, na kai hannu zan soke ta, Mista Bitrus ya bugi bayan hannuna da rula, ni da gemuna da matata a gida. Ya ce, "Garba, lambar da ba ka so ita ce ta zo da labari. Sauran gaisuwa kawai suka zo yi." Na ji haushinsa har sati, amma ban sake ba muddin yana nan. Shekara goma sha biyu muka yi tare, ya yi ritaya ya koma garinsu, ya bar mini makulli da littafin.

Bayan tafiyarsa malamai suka yi ta zuwa suna wucewa. Wani ya zo ya ce a yi gwajin a kan allo kawai, wani ya ce faifan nan tsohon yayi ne, wani ko sunan ciyawar bai tambaya ba. Ɗalibai kuwa iri biyu ne har gobe: masu ƙirga abin da suka gani da masu leƙa takardar na kusa. Ni ma na ɗan saki jiki. Biro ya ƙare wata rana na ɗauki fensir, ban ga sama ta faɗo ba, na ci gaba da shi.

Mai kawo mini ciyawa a shekarun nan Sahabi ne, wani ɗan kabu-kabu daga wani ƙauye a kan hanyar burji, wanda ba zan kira sunansa ba. Akwai tafki a bayan ƙauyensu da ba ya ƙafewa ko da bazara, kuma ciyawarsa babu irinta a duk ƙasar Bukkuyum. A ƙarƙashin walƙiya kumfa talatin da biyu take ba ni a minti, wani lokaci da uku, shekara da shekaru. Duk Litinin yake kawowa a bokiti, da jarkar ruwan tafkin ɗaure a bayan babur. Wata rana ya zo da 'yarsa Nana a kan tanki, 'yar shekara huɗu mai kitso biyu. Ta ƙi tsayawa a waje, na bar ta ta shigo. Yara kan yi kuka a duhun nan, ita kuwa da na fara taka keke sai ta ƙyalƙyale da dariya, duk walƙiya ta tafa hannu. Ta ɓata mini ƙirga sau uku. Daga ranar, duk Litinin da uwarta ta yarda sai ta biyo shi.

Shekarar da zinari ya yi tsada, ƙauyukan nan suka juya. Daga Abare har su Adabka zancen ɗaya ne, dutse. Maza suna haƙo shi daga rami, a kawo gida a buhu, a daka a turmi, a niƙa a injin da dā hatsi yake niƙawa, a kai bakin ruwa a wanke. Ni ban sa abin a raina ba, ba sana'ata ba ce. A bazarar nan aka sanar da baje kolin kimiyya na makarantu, aka ce mu kai gwajin walƙiya. Malamin kimiyyarmu a lokacin wani matashi ne daga Zariya, Malam Nasiru, mai kirki amma mai son abu ya fito tsaf. Ya ce in tara masa lambobin sati biyar daga ciyawar tafki ɗaya, za a yi zane a babban kwali.

Litinin ta farko na samu talatin da ɗaya. Ban damu ba. Ta biyu ashirin da huɗu. Na zargi batiri, na kai shi caji. Ta uku goma sha bakwai. Na canza ƙwan fitila, na canza reza, na wanke bututun da ruwan zafi, har ɗigon magani na sa a idona. Ganyen a ido lafiyarsa lau, kore shar, babu tsutsa babu ruɓa. Amma a cikin duhu kumfar tana fitowa da ƙyar, ta tsaya a bakin kara ta daɗe tana rawa kafin ta saki. Ta huɗu tara.

Ran nan na sauko da kwanukan Mista Bitrus. Na ce bari in ga kuskure nawa ake buƙata kafin talatin da biyu ta koma tara. Na sa uku cikin goma su kuskure, bai kai ba. Na sa rabi, bai kai ba. Sai da na sa kusan uku cikin huɗu. To amma ya koya mini cewa idan gajiya ce ke sa ganye kuskure, ka rage saurin faifai, ka ba shi duhu mai tsawo tsakanin walƙiya da walƙiya, kowace walƙiya za ta ƙara ba da iska. Na rage sauri, na raba kumfa da yawan walƙiya, babu abin da ya ƙaru. Saura hanya ɗaya lissafin ya fita. Na ɗauko kwano na biyar, wanda babu shi a cikin wasan, na fara kwashe tsakuwa ina zubawa a ciki, waɗanda ba za su sake matsawa ba ko an haska su sau dubu. Sai da na kwashe sama da saba'in lissafin ya zauna daidai. Na daɗe a zaune ina kallon kwanon.

Na aika wani direba ya kawo mini ciyawar gulbi daga Gummi ranar kasuwa. Fitila ɗaya, ƙafa ɗaya, ido ɗaya, ta ba ni talatin da biyu. Na raba ta biyu, rabi a ruwan famfo, rabi a ruwan jarkar Sahabi. Kwana uku, ta famfo tana nan yadda take, ta jarka ta sauko ashirin. Daga nan babu sauran wanda zan zarga. Na san ruwan ne.

Ran Asabar na hau keke na je na ga tafkin da idona. Rana tsaka na isa. Na san tafkin nan da hayaniya, kwaɗi, agwagi, balbela a bayan shanun Fulani. Ran nan shiru. Ruwan ya kwanta bai ko motsi, bakinsa ya yi fari-fari da wani laka mai laushi. An jibge tsibi-tsibin niƙaƙƙen dutse a gefe, yara suna hawa suna gangarowa, jikinsu fari fat har gashin ido. Daga cikin gari ba ka jin komai sai injin niƙa da dakan turmi. Na ga gashin agwagwa a cikin laka wuri uku. Nana ta hango ni daga kan tsibi ta ɗaga mini hannu. Na ɗaga mata, na juya kekena, ban shiga garin ba.

Litinin ta biyar na samu huɗu. Na kai wa Malam Nasiru littafin. Ya duba, ya ce, "Baba Garba, wannan ai abin kunya ne. Layi ya kamata ya miƙe, naka yana gangarawa rami. Alƙalai za su ce ba mu iya awo ba." Na ce masa ruwan ne, na gaya masa zancen kwano na biyar. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, ya ce tsakuwa ba hujja ba ce, kuma ciyawa tana iya lalacewa don dalili ɗari. Ya ce tunda ta Gummi ta ba da daidai, a sa lambobinta kawai. Bai tilasta mini ba, kada in ɗora masa. Ya faɗi nasa ya tafi aji, ni na rage da littafin.

Na ce wa kaina ciyawa daban mutum daban. Na ce ni wa, mai shara da aka ba makulli, da zan je in tsaya gaban mai gari in ce a daina wanke dutsen da ke ciyar da gari saboda kumfa ta ragu a kwalba? Dariya za a yi mini, ko a ce baƙin ciki nake yi da arzikin mutane. Kuma ina son a kira sunan ɗakin nan a gaban jama'a ko sau ɗaya. Na ari kilina wurin wani ɗalibi. Minti biyu bai cika ba na gama. Na rubuta talatin da biyu, talatin da ɗaya, talatin da uku, haka har na cike satin biyar, a ƙarƙashin sunan tafkin su Sahabi.

Ina busa garin kilina daga shafin Sahabi ya dawo ɗaukar bokitinsa. Ya ga kwanuka a ƙasa, ya nuna na biyar da ƙafa.

"Malam, waɗanga na gehe hwa, mi sunka yi?"

Na ce, "Waɗanga sun bar amsa haske."

Ya juya makullin babur a yatsa. Sannan ya ce, "Malam, kai ka san ruwa. Ruwan ga namu lahiya shike? Agwaginmu dut sun ƙare. Kuma Nana kwana biyu ba ta son abinci, sai amai."

Na ce, "Lahiya lau shike. Hitilarmu ta ka ba mu wahala. Zahi na ka damun yarinya, a ba ta ruwa da yawa."

Haka na ce masa, a ba ta ruwa da yawa. Ya ce, "To madalla, hankalina ya kwanta," ya ɗauki bokiti ya tafi.

Mun je baje koli, kwalinmu ya yi kyau, layi ya miƙe sambal, aka tafa mana. Litinin ta shida Sahabi bai zo ba, ta bakwai ma haka. Sai labari ya fara shigowa ta bakin masu babur: yara a ƙauyukan dutse suna suma, suna sanƙarewa, ana binnewa. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne. Daga baya likitoci suka zo suka ɗibi jini da ƙasa, aka ji kalmar da yanzu kowa ya sani, gubar dalma. Tana cikin dutsen tare da zinarin, tana cikin ƙurar da ke tsakar gida, tana cikin lakan bakin tafki.

A Anka na same su, a wani ɗakin jinya da aka cika da tabarmi. Sahabi yana tsugune a jikin bango, matarsa tana riƙe da Nana a cinya. Ta daina sanƙarewa, aka ce ta tsallake. Idanunta a buɗe suke, manya, garau, babu abin da za ka gani ka ce ciwo ne. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, ta zo da 'yar tocila ta durƙusa. Ta haska idon, ta kashe, ta haska, ta kashe. Ban san lokacin da bakina ya fara ba. Ɗaya. Biyu. Na ce a raina ta uku ce mai bayarwa. Uku. Ta ci gaba, na ci gaba, har bakwai, har goma sha ɗaya. Yarinyar ba ta ƙifta ba. Sista ta mayar da tocilar aljihu, ta dafa kafaɗar uwar.

Na bi ta waje na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ƙurar cikin gida ta fi ruwan illa, kuma ba ta san ko wani zai saurare ni a lokacin ba. Sannan ta ce, "Amma Baba, da uban ya ji daga bakinka, wataƙila da ya kai ta wurin kakarta." Ta koma aikinta.

Bayan an sallame su na kira Sahabi ɗakin nan. Na toshe tagogi, na kunna fitila, na kwantar da littafin yadda haske zai bi shafin a karkace. Fensir yana barin rami a takarda, kilina ba ta iya cike shi. A ƙarƙashin lambobin ƙarya sai ga na gaskiya sun fito, babu launi, sai inuwa. Sahabi bai yi boko ba amma ya san lamba. Ya bi su da yatsa: talatin da ɗaya, ashirin da huɗu, sha bakwai, tara, huɗu.

Ya ce, "Randa nit tambaye ka, wace ta?"

Na ce, "Ta ƙarshe."

Ya ce, "Huɗu." Ya sake cewa, "Huɗu." Bai zage ni ba, na so ya zage ni. Ya cire tsumman ƙofa da kansa ya fita. Bai sake kawo ciyawa ba. Tun daga lokacin a kwamin siminti na bayan ɗakin nan nake shuka tawa. Muna haɗuwa a kasuwa ko wurin jana'iza, ya gaishe ni in amsa, shekara goma sha wani abu ba mu wuce gaisuwa ba.

Bara, gab da a yi hutu, na ji tsayuwar babur a ƙofa da hantsi. Sahabi ne, gemunsa ya yi fari, da wata budurwa a baya tana riƙe da rigarsa. Ya ce Nana ce ta matsa. Ta ce a duk abin da ta taɓa gani a duniya abu ɗaya ya rage mata, wani haske mai zuwa yana tafiya a cikin ɗaki mai duhu, kuma tana son a kai ta wurin. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, an ce kai ad da hitilar."

Na rataye barguna. Na zaunar da ita a kan kujerar ɗalibai, na cire bututun ciyawa, fuskarta ta kalli faifai. Na haɗa batiri, na ɗora ƙafa. Ƙaf, ƙaf, ƙaf. Fuskarta tana fitowa tana ɓacewa, idanun nan a buɗe, ta ɗaga hannuwa biyu a gabanta tana jira ta tafa. Na ƙirga walƙiya arba'in.

Ta ce, "Baba, an kunna?"

Wallahi bakina ya riga ya buɗe zan ce batirin ne ya mutu, ta dawo wani lokaci. Maganar tana kan harshena, mai daɗi, mai sauƙi, irin waccan. Na ji idon ubanta a kaina a cikin duhu.

Na ce, "An kunna, Nana. Tun ɗazu."

Ta sauke hannuwanta a hankali ta ɗora a cinya. Ta ce, "To. Na gode, Baba."

Na tsayar da keke. Sahabi ya lalubo littafin kumfa daga kan kanta, ya ajiye a gabana, ya zaro biro daga aljihunsa ya ɗora a kai.

Ya ce, "Rubuta, Malam."

Na rubuta ranar, na rubuta sunanta, na rubuta walƙiya arba'in, na rubuta sifili. Yana nan a shafin ƙarshe. Dogo, tashi ka rufe tagogin nan. Kowa zai karanta shafi biyu yau, wanda na goge da wanda na rubuta, sannan in ba ku reza.